Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Majalisar Birnin Lancaster Kan Ƙauyen Sunderland Point Da Kabarin Sambo

Zuwa ga shugaba da kansilolin Majalisar Birnin Lancaster, da wakilan ƙaramar majalisar Overton, da dattawan ƙauyen Sunderland Point.

Ranku ya daɗe. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya, ni Bahaushe ne mazaunin wannan yanki naku na Lancashire, na yi shekaru ina neman abinci a cikinku, 'ya'yana kuma a makarantunku suke karatu. Na zaɓi in rubuta wannan wasiƙa da Hausa, in kuma buɗe ta ga duk mai jin harshen, saboda maganar da ke tafe da ni ta shafi wani suna da ke rubuce a bakin tekunku fiye da shekara 200, sunan da ku kuke jin nauyin furtawa, mu kuwa muke kiran iyayenmu da kakanninmu da shi cikin girmamawa. Zan sa a fassara muku ita zuwa Turanci, amma ina son 'yan'uwana su fara karantawa, domin su ma suna da haƙƙi a cikin zancen.

Saboda waɗanda ba su taɓa jin wurin ba, bari in fara da kwatance. Sunderland Point ba shi ne babban birnin Sunderland na arewa maso gabashin Ingila da masu kallon ƙwallo suka sani ba. Ƙaramin ƙauye ne a arewa maso yamma, a kan wani siririn zirin ƙasa, Kogin Lune yana zuba cikin teku ta gabashinsa, mashigin tekun Morecambe kuma yana shimfiɗe ta yammacinsa. Hanyar mota guda ɗaya ce ke shiga, ta taso daga ƙauyen Overton ta ratsa fadamar gishiri da taɓo na tsawon kusan kilomita biyu da rabi, kuma idan teku ta cika sai ruwa ya rufe hanyar har sai ya janye. Mutumin da ke zaune a can ba ya fita aiki ko kasuwa ko asibiti sai ya duba jadawalin cikar teku da janyewarta, kamar yadda manomi ke duban sama kafin ya yi shuka. Wannan kaɗai ya isa ya sa ƙauyen ya fita daban, domin da wuya a sami wani ƙauye a Ingila da yake manne da babbar ƙasa amma teku ce ke buɗe masa ƙofa tana rufewa.

Gidajen ƙauyen jeri biyu ne masu fuskantar kogi, kuma duk wanda ya dube su da kyau zai ga sun fi ƙarfin gidajen masunta, domin wasunsu sito ne na 'yan kasuwa da aka mayar gidajen kwana. A farkon ƙarni na 18 wani attajiri mai suna Robert Lawson, mabiyin ɗariƙar Kirista ta Quaker, ya gina wurin ya zama tashar jiragen ruwa ta birnin Lancaster, saboda kogin ba shi da zurfin da manyan jirage za su haura har cikin birni da kayansu. Aka gina sito-sito, da maƙera, da wurin tufkar igiyar jirgi, ana ma cewa wasu duwatsun ginin daga kangon tsohon gidan ibada na Cockersand aka kwaso su, wanda ke tsallaken kogi, wanda kuma aka rufe a 1539 zamanin Sarki Henry na Takwas. Jirage suka riƙa zuwa daga tsibiran Karibiyan da Amurka ɗauke da sukari da taba da auduga da giyar rake da katakon mahogani, ɗan'uwan maɗacinmu. Lawson ya karye a 1728, amma tashar ta ci gaba da aiki har birnin Lancaster ya gina tasa gaɓar ta St George's Quay a shekarun 1750, sannan aka buɗe tashar Glasson a tsallake a 1787, wadda ta kwashe abin da ya rage na ciniki. Ƙauyen ya shiga ƙunci har aka yi masa laƙabi da zirin yunwa, daga baya ya ɗan farfaɗo da masu zuwa wankan teku lokacin bazara, sannan ya koma hannun masuntan kifin salmon masu tsayawa cikin ruwa da babbar koma, da masu yi wa jirage jagora a bakin kogin.

Abubuwan gani a wurin ba su da yawa, amma kowanne yana ɗauke da labari. Akwai tsohon gidan nan na ƙarshen jeri da ake kira Sunderland Hall, mai ɗauke da shekarar 1683, wanda aka yi wa baranda irin ta gidajen Karibiyan. Akwai ƙaramin cocin da aka gina a 1894. Daga bakin gaɓa ana hango hasumiyar fitila ta Plover Scar tsaye cikin ruwa tun 1847, wadda wani jirgin dakon kaya ya buge a 2016 aka kuma gyara ta. Akwai kuma gurbin bishiyar da mutanen ƙauyen suka yi ta kira bishiyar auduga, suna cewa daga irin da ya faɗo daga dilar audugar wani jirgi ta tsiro, saboda tana zubar da farin abu mai laushi kamar audugar rimi. Masana itatuwa sun ce wani nau'in bishiyar poplar ce ta ƙasar, kuma iska ta kayar da ita ranar 1 ga Janairun 1998. Ina son wannan labari na bishiya, domin yana nuna cewa ko da mutanen ƙauyen suka manta da lissafin 'yan kasuwa, ba su manta cewa arzikin wurin daga ƙetaren teku ya zo ba. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne hannun wa ya noma audugar, ya sare raken, ya kayar da itacen.

Wannan ya kawo ni ga ainihin maganar. Tsakanin jerin gidajen biyu akwai wani lungu da ya nufi yamma, ya wuce gefen coci, ya ɓulla bakin tekun da iska ba ta hutawa. A can, a kusurwar wani fili, kabari ɗaya yake shi kaɗai. Kabarin wani baƙar fata ne da ya mutu a ƙauyen wajajen 1736, wanda aka sani da Sambo. Labarin da aka gada, wanda wata mujallar yankin ta buga a 1822, shi ne ya zo tare da ubangidansa a jirgi daga Karibiyan, ubangidan ya bar shi a masauki ya wuce Lancaster don harkokinsa, shi kuwa da ya ga kwanaki sun ja, ga shi ba ya jin harshen mutanen, sai ya ɗauka an yashe shi, ya haye ɗakin sama na gidan da yau ake kira Upsteps Cottage, ya ƙi ci ya ƙi sha har rai ya yi halinsa. Ma'aikatan jirgi suka haƙa masa rami a filin zomaye kusa da gaɓa, suka rufe shi da tufafin da ya mutu a cikinsu, ba akwati ba makara, nesa da maƙabartar coci saboda ba a yi masa baftisma ba. Bayan shekara 60, a 1796, wani fasto mai suna James Watson, tsohon hedimastan makarantar Lancaster, ya tara kuɗi daga masu zuwa hutun bazara ya sa aka kafa allon tagulla a kan kabarin, da waƙar da ya tsara, wadda ƙarshenta ke cewa Mai Shari'a a ranar hisabi ba launin fata yake dubawa ba, abin da ke cikin zuciya yake dubawa.

Na fara zuwa wurin ne saboda 'yata. Ta dawo daga ziyarar makaranta wata rana jikinta a sanyaye, ta ce an kai su wani kabari sun ajiye duwatsun da suka yi wa fenti, kamar yadda yaran makarantu ke yi a wurin, amma wasu abokan karatunta sun gaya mata cewa sunan mai kabarin zagi ne, ba a faɗinsa. Sai ta tambaye ni: "Baba, to me ya sa muke ce wa Baffa Sambo?" Ƙanin mahaifina ke nan, dattijon da ya riƙe ni bayan rasuwar babanmu, wanda ta saba gaisarwa ta waya kowace sallah. Na rasa amsar da zan ba ta a lokacin. Ƙarshen makon muka duba jadawalin ruwa muka tafi tare, na tsaya a gaban kabarin na karanta allon, kuma abin da ya fi taɓa ni shi ne tunanin mutuwa a baƙunta, inda babu ɗan'uwa da zai yi maka wanka, babu wanda zai kira sunan mahaifinka, babu wanda zai koma gida ya kai labari. Duk Bahaushen da ke zaune nesa da gida ya san wannan tsoro, shi ya sa muke kafa ƙungiyoyi muna tara kuɗin jana'iza tun muna da rai.

Ranku ya daɗe, na san dalilin da ya sa kalmar take muku nauyi. A Amurka da Birtaniya an ɗauki lokaci mai tsawo ana amfani da ita wajen wulaƙanta baƙar fata, ana zana su a matsayin wawaye masu dariya da biyayya, kuma baƙaƙen fatan da suka tashi a nan sun sha wannan zagi a filin wasa da kan titi. Ba na raina wannan ciwo, ba kuma na neman kowa ya yi kamar bai faru ba. Abin da nake so ku sani shi ne, kafin masu zagi su ɗauki kalmar, suna ce ta mutanen kirki a Afirka ta Yamma, kuma har gobe haka take. A wajen Fulani, Sambo ko Samba laƙabin ɗa na biyu ne, kamar yadda Dikko yake na fari, daga nan ya bazu cikin Hausawa har ya zama namu. Ɗaya daga cikin 'ya'yan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda aka sani da ilimi da tsoron Allah, sunansa Muhammadu Sambo. An yi Sarkin Haɗejiya Sambo, an yi Sarkin Zazzau Sambo, garin Gusau kuma Malam Sambo Ɗan Ashafa ne ya kafa shi. A zamaninmu Namadi Sambo ya yi mataimakin shugaban Najeriya daga 2010 zuwa 2015. Idan aka nufi yamma, a Senegal da Gambiya da Gini da Mali, ba a ƙirga masu suna Samba.

Ba ina da'awar cewa mai wannan kabari Bahaushe ne ko Bafulatani ba, kuma ba zan yarda a rubuta haka a kan allo ba, domin allon 1796 bai ambaci garinsu ko ƙabilarsa ba, abin da ya faɗa kawai shi ne ya biyo ubangidansa daga Karibiyan. Sai dai akwai abin da tarihin birninku da kansa ya tabbatar, wato jiragen bayi na Lancaster ƙanana ne, kuma sun fi zuwa Kogin Gambiya da gaɓar Saliyo da kewayenta, inda ƙaramin jirgi ke iya kutsawa cikin koguna, yankin da sunan Samba yake gida. Wannan ya isa dalilin da zai sa a gaya wa mai ziyara cewa sunan da yake karantawa yana da asali mai daraja a ƙasashen da jiragenku suka je. Roƙona na farko ke nan, kuma shi ne babba: a bar sunan yadda yake, kada wata rana a goge shi ko a sauya shi wai don kawar da ɓatanci, a kuma kafa bayani a gefensa da zai faɗi fuskokin nan biyu, cewa an mayar da kalmar zagi a Turanci, kuma suna ne da miliyoyin mutane suka sani a gidajensu da mutunci. An raba wannan bawan Allah da ƙasarsa da danginsa da harshensa, sunan nan shi kaɗai ya rage ana tuna shi da shi, bai kamata a bar wa masu zagi shi ma ba. Idan za a tsara bayanin, ina roƙon a zauna da 'yan Afirka ta Yamma mazauna yankin, da ɗaliban jami'ar Lancaster da suka fito daga can, da kuma baƙaƙen fatan Birtaniya da kalmar ta cutar, domin kowane ɓangare yana riƙe da gaskiyar da ɗayan yake bukatar ji.

Sai maganar labarin da ake bayarwa. Allon Watson ya kira mamacin amintaccen baƙar fata mai bin ubangidansa, labarin 1822 kuma ya ce kewar ubangidansa ce ta kashe shi. An rubuta wannan labari shekara 86 bayan mutuwarsa, kuma masu binciken tarihi da dama sun fi karkata ga cewa cuta ce ta kama shi, irin wadda jikin baƙo daga ƙasar zafi bai saba da ita ba. Ni dai a ganina labarin bawan da ya mutu don son ubangidansa ya fi yi wa iyayengiji daɗi fiye da yadda ya dace da hankali, domin yana mayar da sarƙa ta zama ƙauna. Ba na neman a cire allon Watson. Shi ma shaida ne na yadda mutanen wancan zamani suke tunani, kuma ban manta cewa Watson ya yi abin da wasu ba su yi ba, ya tsaya a kan kabarin baƙo ya ce shi ma mutum ne. Amma ya kamata mai ziyara ya san cewa ɗan'uwan wannan fasto, William Watson, yana cikin 'yan kasuwar bayi na Lancaster, ya kuma san cewa tausayin mutum ɗaya da cinikin dubbai sun zauna cikin dangi guda. Haka ma 'yan ɗariƙar Quaker, waɗanda suka zama kan gaba wajen yaƙi da bauta har suka kai ƙorafi majalisar dokoki a 1783, a Lancaster an sami wasunsu, irin su Dodshon Foster, da hannu dumu-dumu a cikin cinikin.

Adadin kuwa ba ƙarami ba ne. Lancaster ita ce ta huɗu a Birtaniya wajen cinikin bayi, bayan Liverpool da Landan da Bristol, kuma tsakanin 1736, shekarar da aka binne Sambo, da 1807 da aka haramta cinikin, jiragen da ke da alaƙa da birnin sun kwashi 'yan Afirka kusan 30,000. Kyawawan gine-ginen da ke bakin kogi a cikin birni, har da gidan kwastan na 1764 da Richard Gillow ya zana wanda yanzu gidan tarihin harkokin teku ne, da kujeru da teburan mahogani da suka ɗaukaka sunan kamfanin Gillow, duk a wannan zamani suka samu. Ina yaba wa birninku da ya kafa abin tunawa da 'yan Afirkan da aka kama aka bautar, a bakin St George's Quay a 2005, aikin Kevin Dalton-Johnson, domin ba kowane gari ne ya yi wannan ƙarfin hali da wuri ba. Abin da nake gani ya rage shi ne a ɗaure igiya tsakanin wuraren biyu, yadda wanda ya ga sunayen jirage da adadin bayi a cikin birni zai san akwai kabari a bakin kogi, wanda ya tsaya a kabarin kuma zai san mamacin ɗaya ne daga cikin jama'a mai yawa da ba su sami ko dutse ba.

Hausawa na cewa laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani, saboda haka ba zan rubuta muku wannan in ɓoye namu ba, kuma ina son 'yan'uwana masu karatu su ji wannan sashe da kyau. A ƙasar Hausa an yi bauta, an yi kasuwannin bayi, an yi rinji cike da mutanen da aka kamo a yaƙi, an kai wasu arewa ta Sahara, wasu kuma an gangara da su kudu har suka faɗa hannun masu jirage, shi ya sa aka sami Hausawa bayi a Bahia ta Brazil da suka yi yunƙurin tawaye a 1807. Dokar da ta kawo ƙarshen bauta gaba ɗaya a Arewacin Najeriya sai a 1936 aka yi ta, shekara 200 cif bayan mutuwar Sambo. Har yau akwai gidajen da ake hana aure saboda an ce kakan wane bawa ne. Idan na roƙe ku ku faɗi tarihinku cikakke, ina sane da cewa mu ba mu kafa wa namu bayin ko allo ɗaya a yawancin tsofaffin kasuwanninmu ba, kuma abin da yaranku ke yi na ajiye duwatsu masu launi a kabarin baƙo darasi ne a gare mu.

Duk wannan magana ba za ta yi amfani ba idan teku ta cinye wurin. Mashigin Morecambe yana cikin wuraren da ruwa ya fi hawa da sauka a Birtaniya, bambancin cika da janyewa yakan kai mita 10 a manyan ranaku, kuma duk wanda ya zagaya ƙarshen zirin zai ga yadda gaɓar ƙasa ke zaizayewa tana zuba. Waɗanda suke nan a Disambar 2015 ba su manta da guguwar Desmond ba, lokacin da Kogin Lune ya yi ambaliya ya shiga tashar lantarki ya bar dubban gidaje cikin duhu na kwanaki. Na ga aikin da aka yi a 'yan shekarun nan, ƙarƙashin jagorancin ƙungiyar Morecambe Bay Partnership, na ƙarfafa gaɓar da ke gaban kabarin da kewaye shi da katangar dutse, da gina rumfar kallon tsuntsaye, da ɗan ɗakin dutsen nan na Chris Drury da aka buɗe a 2019, wanda idan ka shiga ka rufe ƙofa gilashi ke jefo hoton teku a jikin bango. Aiki ne mai kyau, na kuma gode wa duk wanda ya sa hannu. Roƙona shi ne kada a ɗauka an gama. A riƙa auna gaɓar akai-akai, a ware kuɗin gyara a cikin kasafi tun kafin ɓarna ta zo, a kuma gaya wa jama'a a fili abin da aka shirya yi idan ruwa ya matso, domin kada wata safiya bayan guguwa a tarar da ƙasusuwan wannan bawan Allah sun bi ruwa.

Kuma kariyar ba ta kabari kaɗai ba ce. Mutane masu rai suna zaune a jerin gidajen nan biyu, suna sa katako a ƙofa idan an yi gargaɗin ambaliya, suna kula da tsofaffin gine-ginen da doka ta hana a taɓa siffarsu, suna haƙuri da baƙi irina da ke wucewa ta gaban tagoginsu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, don haka duk shawarar da za a yanke kan gaɓa ko hanya ko yawan masu ziyara, su ya kamata a fara ji. Su ne suka riƙe wannan kabari shekara da shekaru lokacin da babu wata hukuma da ta damu da shi, suka share ciyawa, suka nuna wa masu tambaya hanya. Ba zan so maganata ta jawo musu cunkoson motoci ko ta mayar da ƙauyensu kasuwa ba. Abin da zai taimaki kowa shi ne a ƙara bayyana lokutan ruwa a bakin hanyar Overton da zane da lambobi yadda ko wanda bai iya Turanci ba zai gane, domin baƙo ba ya sanin saurin wannan teku. A Fabrairun 2004 a wannan mashigi na Morecambe ruwa ya rutsa da 'yan ƙasar Sin masu tsintar ƙumbar teku da dare, fiye da mutum 20 suka halaka, su ma nesa da gida, su ma suna yi wa wasu aiki.

Ga 'yan'uwana Hausawa da Fulani da sauran 'yan Afirka ta Yamma da ke Lancaster da Preston da Manchester da Liverpool, wurin ba shi da nisa da ku. Ku duba jadawalin ruwa, ku ajiye mota inda aka tanada a bakin ƙauyen, ku gaishe da mutanen da kuka tarar, ku bi lungun nan a ƙafa da 'ya'yanku. Idan a cikin danginku akwai Sambo ko Samba, ku gaya wa yaran ko wane ne shi a wajenku.

Ranku ya daɗe, a shirye nake in zo gabanku ko gaban kowane kwamiti da kuka ga ya dace, tare da wasu daga cikin mutanenmu, mu ba da abin da muka sani game da sunan, mu kuma taimaka da fassarar bayanin zuwa Hausa da Fulatanci ba tare da an biya mu ba. Na gaya wa Baffa Sambo ta waya cewa akwai mai sunansa kwance a bakin teku a Ingila tun kusan shekara 300, ya yi shiru, sannan ya tambaye ni ko akwai masu kula da kabarin. Na ce masa akwai. Ya ce in isar musu da gaisuwarsa da godiyarsa, ga shi na isar.

Naku cikin girmamawa,
Wani Bahaushe mazaunin Lancashire.